Sharhi kan tagwayen makirufo Rode NT5 wajen ɗaukar sautin jita a ɗaki

Jitar katako, wadda kogonta ne ke fitar da amo ba lantarki ba, tana cikin kayan kiɗan da suka fi wahalar ɗauka a gida, domin sautinta ba daga wuri guda yake fitowa ba. Kaurin amon yana fitowa daga bakin kogon, kaifinsa daga tsirkiyoyi, ɗuminsa kuma daga faffadan katakon fuskarta da ke girgiza baki ɗaya. Na daɗe ina ɗaukar tawa ta ƙaramar na'urar da aka dasa a ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke hawa, wadda ake jona wa waya kai tsaye. Irin wannan na'ura tana da amfani a kan dandamali, amma girgizar tsirkiya kawai take ji a inda aka dasa ta, ba ta jin iskar da ke kai da komo a cikin kogon, shi ya sa sautinta yake fitowa busasshe, mai tauri, ko da jitar kanta mai daɗin murya ce. Wannan ne ya kai ni ga sayen tagwayen NT5, kuma na yi aiki da su isasshen lokaci har na san halinsu.

Kamfanin Rode na ƙasar Ostareliya ne ke ƙera su. Kowane ɗaya siriri ne, tsawonsa kusan santimita 12, nauyinsa kusan giram 100, kuma nau'in kondensa ne, wato mai saurin kama ƙananan bayanan sauti, mai ƙaramin faifan ji na rabin inci. Ya fi jin abin da ke gabansa, yana rage na gefe, yana kuma toshe mafi yawan na bayansa. Ba ya aiki sai an tura masa wuta ta cikin wayarsa, wadda galibi volt 48 ce, saboda haka dole ne akwatin sautin da ke haɗa makirufo da kwamfuta ya kasance mai bayar da ita, kuma ya zama mai ƙofofi biyu idan ana son amfani da duka biyun lokaci guda. Masu ƙerawa sun zaɓo biyun ne yadda jinsu ya yi daidai da juna, abin da ke da muhimmanci idan za a ɗauki sautin hagu da dama. Ƙarfen jikinsu ƙwaƙƙwara ne, kuma ban ga wani abin kushewa a ƙirarsu ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci, wanda kuma ya fi kowane abu canza sakamakon, shi ne inda ake kafa makirufon. Hankali yakan ba mutum cewa ya nufi bakin kogon tunda daga nan ne amo ya fi ƙarfi, alhali nan ne wuri mafi muni. Iskar da ke cikin kogon jita tana da nata amon, wanda a yawancin manyan jitoci yake kusa da Hz 100 (Hz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya: ƙaramin adadi kauri ne, babba kuma kaifi), kuma ta wannan baki yake bulbulowa. Ban da haka, duk makirufon da ke jin gabansa fiye da bayansa yana ƙara wa sauti kauri idan aka matso da shi kusa. Idan waɗannan biyu suka haɗu, sai a sami guguwar amo da ke danne komai, har ba a iya bambance tsirkiya ɗaya daga wata. Da na janye NT5 zuwa gaɓa ta 12 ta wuyan jitar, wato tsakiyar tsawon tsirkiya, a tazarar santimita 20 zuwa 30, na kuma ɗan karkatar da kansa wajen inda wuya ya haɗu da kogo, sai sautin ya daidaita: kaurin yana nan amma bai rufe kaifin ba. A wannan wuri motsi na santimita uku ko huɗu ma ana jin bambancinsa, kuma a nan ne na fara ganin darajar makirufon, domin yana nuna wannan bambanci a fili. Hanyar da na ga ta fi sauri ita ce a sa wani ya riƙa kaɗawa, mai ɗauka kuma ya sa hedifon mai rufe kunne ya riƙa yawo da makirufon a hannu har ya ji wurin da ya dace. Wanda yake aiki shi kaɗai sai ya ɗauki gajerun gwaje-gwaje, yana faɗin tazarar da bakinsa a farkon kowanne domin kada su rikice masa daga baya.

Akwai wuri na biyu da na ji daɗinsa, wato bayan jakin, ta ƙasan hannun mai kaɗawa. Sautin nan ya fi cika da ƙamshin katako, bai kai na gaɓa ta 12 walƙiya ba, kuma ya fi dacewa da kiɗan da ake yi da yatsu a hankali.

Sai batun ɗaki, wanda shi ne ya fi tona asirin mai ɗaukar sauti a gida. NT5 ba ya rufa wa ɗaki asiri ko kaɗan. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka idan ya bugi bango ko fuskar teburi ya dawo ta hanyar da ta fi ta kai tsaye tsawo da santimita 34, zai iso a makare da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan ɗan jinkiri ya isa ya soke wani ɓangare na amon a wajen Hz 500 da 1500 da 2500, sai sautin ya fito kamar ana kiɗan a cikin tulu. Haka kuma bangaye biyu da ke fuskantar juna a tazarar mita uku suna ƙarfafa amon Hz 57 da ninkinsa na Hz 114, wanda ya faɗo dab da amon kogon jita da kuma tsirkiya ta biyar da ke kan Hz 110. Shi ya sa a ƙaramin ɗaki wani amo guda yakan kumbura fiye da sauran ko da hannun mai kaɗawa bai canza ba. Siririn soso da ake mannawa a bango ba ya maganin wannan, domin tsawon zangon sauti a Hz 100 ya haura mita uku, kuma soso mai kaurin santimita biyu ko uku kaifin sauti kaɗai yake shanyewa. Abin da ya yi mini aiki shi ne nisantar kusurwa da tsakiyar ɗaki, da rataye bargo mai nauyi a bayana tare da barin sarari tsakaninsa da bango. A bayan mai kaɗawa ake rataye shi saboda can ne makirufon yake fuskanta, kuma duk abin da ya dawo daga wannan bango yana shiga ta inda ya fi ji.

Game da makirufo na biyu, ra'ayina ya rabu. Idan jitar ita kaɗai ce a waƙa, ko ita da murya ɗaya, faɗin da tagwayen ke bayarwa abin so ne ƙwarai. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a ɗora kawunansu ɗaya a saman ɗaya a kusurwar digiri 90, wanda ake kira X-Y. Tunda sauti yana isa gare su a lokaci guda, ko an haɗe hagu da dama wuri guda, kamar yadda ƙaramar lasifika ɗaya ke yi, babu abin da ke ɓacewa. Tsarin ORTF, wanda gidan rediyo da talabijin na Faransa ya fito da shi, yana raba kawunan da santimita 17 a kusurwar digiri 110, kuma ya fi faɗi, sai dai yana jawo ɗaki ciki fiye da X-Y. Na kuma gwada kafa ɗaya a gaɓa ta 12, ɗaya a bayan jaki. Wannan ne ya fi burge kunne a hedifon, shi ne kuma ya fi haɗari, domin idan tazararsu daga jitar ba daidai take ba, sautin yakan rame da zarar an haɗe su. Masu sana'ar suna da ƙa'idar cewa tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka tazarar kowanne daga abin kiɗan sau uku, kuma ta taimaka, amma ba ta hana a saurari haɗaɗɗen sautin kafin a amince da shi. Idan kuwa jitar za ta shiga cikin ganguna da madannai da muryoyi da yawa, makirufo ɗaya ya wadatar, har ma ya fi sauƙin zaunarwa a cikin taron, kuma a mafi yawan irin wannan aiki na biyun yana cikin akwatinsa.

Hayaniyar da makirufon ke haifarwa da kansa desibel 16 ce (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) bisa ma'aunin kamfanin, kuma a aikace ban ji ta ba ko a kiɗa mai sanyi. Abin da na ji shi ne fankar kwamfuta, da ƙarar kujera, da numfashina, da maɓallin hannun riga yana taɓa katako. Ina ɗauka a bit 24, wato zurfin da kwamfuta ke adana sautin da shi, ina barin ƙololuwar ƙarfin sauti a wajen desibel 10 ƙasa da iyaka, domin bugu ɗaya mai ƙarfi da ya tsallake iyakar ba ya gyaruwa, alhali sauti mai rauni ana iya ɗaga shi daga baya ba tare da asara ba. NT5 ba shi da maɓallin yanke ƙananan amo a jikinsa, ɗan'uwansa NT55 ne ke da shi. Wannan bai dame ni ba, tunda tsirkiya mafi kauri a ɗaurin da aka saba tana kan Hz 82, kuma a manhaja nake yanke abin da ke ƙasa da Hz 70, inda babu komai sai rugugin motoci da takun ƙafa. Maƙallan da suka zo da su na riƙewa ne kawai, ba sa tare girgizar da ke hawowa daga ƙasa, saboda haka mai buga ƙafa yayin kiɗa yana buƙatar darduma mai kauri a ƙarƙashin sandar makirufo.

Halin muryarsu ya ɗan karkata zuwa haske. Da tsirkiyoyin da suka ɗan kwana biyu, wannan haske yana farfaɗo da su, amma da sababbi fil da siririn farcen roba na kaɗa tsirkiya, ƙarar bugun takan yi yawa, kuma kukan yatsu a kan tsirkiyoyi masu naɗi yana fitowa sarai. Maganin da na fi yarda da shi ba a manhaja yake ba. Farce mai kaurin kusan milimita ɗaya yana rage ƙarar bugun, tsirkiyoyi masu rufin leda suna rage kukan yatsu, kuma kawar da kan makirufon kaɗan daga hannun hagu yana rage saura. Na kwatanta su da Shure SM57, makirufon dainamik, wato nau'in da ba ya buƙatar a tura masa wuta, wanda ke kasuwa tun 1965. Shi bai kai su kama ƙananan bayanai ba, amma saboda ana iya matso da shi kusa kuma bai cika ɗauko kaifin sauti ba, ya fi su yi wa mummunan ɗaki sutura, kuma a kiɗa mai ƙarfi na sharar tsirkiyoyi duka wani lokaci shi na fi so.

Ina ba da shawarar tagwayen NT5 ga wanda yake da jita mai kyakkyawan amo, da ɗakin da zai iya kashe fanka ya rufe taga, da kuma haƙurin matsar da sanda santimita bayan santimita. Wanda ɗakinsa ƙarami ne mai tayil da bangaye tsirara, gara ya fara da barguna da darduma da makirufo guda, ya ƙara na biyu bayan ya ji ɗakin ya lafa. Mai niyyar yin X-Y ko ORTF kuma ya tanadi ƙaramar sandar da ke riƙe makirufo biyu a kan ƙafa ɗaya, domin daidaita kusurwar digiri 110 da tazarar santimita 17 a kan sanduna biyu daban aiki ne mai cin rai, kuma da zarar an taɓa ɗaya sai a sake awo daga farko.