Sharhi kan shagon da suka yi mana ƙiyasin kuɗin tsohuwar libarba a Houston

In dai kana Amurka kuma aka bar maka tsohuwar bindiga a hannu ka rasa nawa za ta yi a kasuwa, shawarata ka biya kuɗi a yi maka ƙiyasi a rubuce kafin ka saurari tayin kowa. Mu dala 50 muka biya, kuma gaskiya ban ga kuɗin da ya yi amfani a duk hidimar nan kamar su ba, duk da akwai wuraren da shagon bai burge ni ba, zan zo kansu.

Bindigar ba tawa ba ce. Ta mijin maƙwabciyata ce, wata dattijuwa da muke zaman mutunci da ita a nan Houston, ya rasu ya bar ta a cikin durowa, ita kuma ba ta son ta a gidan saboda jikoki suna zuwa, 'ya'yanta kuma duk suna wasu jihohin. Ta ce in taimaka mata a sayar. Abu ne na gado kuma amana, shi ya sa na ɗauke shi da muhimmanci, don dala ɗari a wajen tsohuwar da ke rayuwa da kuɗin fansho ba ƙaramin abu ba ne. Kuma tun yanzu in faɗa ma 'yan uwa na gida, wannan maganar ta Amurka ce zalla. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, ba abin da mutum zai riƙe ya ce zai kai kasuwa ba ne.

Libarbar Smith & Wesson ce, Model 19, mai cin harsashi shida na .357 Magnum, bututunta inci 4, baƙa mai sheƙin nan da suke ce ma bulu, mariƙinta na katako. Da farko na gwada irin shafukan nan da ake tura musu hoto su yi tayi ta imel. Sauri kam akwai shi, amma tayin da ya zo dala 400 ne ba wani bayani, ba su ce ga dalili ba, ba su ma tambayi ko akwai kwalinta ba. Wani shagon jingina da na leƙa shi ma kusan haka ya taya, mutumin ya juya ta sau ɗaya ya ajiye. To ni dai raina bai kwanta ba, don wanda zai sayi abu ya sake sayarwa ba shi ne zai gaya maka ainihin darajarsa ba, wannan ko a ina haka yake.

Shagon da muka ƙare a ciki na masu lasisin gwamnatin tarayya ne, wanda ake kira FFL, kuma suna da maƙerin bindiga nasu a ciki, wani dattijo mai gilashi. Abin da ya fara burge ni, kafin komai sai da ya buɗe silindar, wato gangar nan mai juyawa da ake zuba harsashi a ramukanta, ya tabbatar babu harsashi duk da na gaya masa na duba, sannan ya nuna mana wani wuri da ni ban ma san ana rubutu a nan ba. In ka tura silindar gefe, a jikin firam ɗin, wato gangar jikin bindigar, daga ciki akwai lambar samfurin, tamu an buga 19-3. Ya ce wannan ƙaramar lambar ta bayan layin ita ke nuna zubin da aka yi ta, kuma 19-3 an ƙera su ne tsakanin 1967 da 1977. Lambar siriyal kuma tana ƙasan gindin mariƙi, da ita ya duba littafinsa ya matso da shekarar kusa. Kamfanin sai a 1957 ya fara ba bindigoginsa lambar samfuri, kafin nan wannan Combat Magnum ake ce mata, ta fito a 1955, kuma wani jami'in tsaron iyaka mai suna Bill Jordan ne ya ba kamfanin shawarar yin ta don 'yan sanda su samu magnum da ba ta cika nauyi ba.

Ni da na ɗauka wannan tarihi ne kawai yake ba mu don hira, ashe kuɗi ne. Ya nuna mana wani ɗan ƙaramin fil da ya ratsa firam daidai inda bututu ya shiga, da kuma yadda bakin ramukan silinda suka ɗan lotsa ta yadda gindin harsashi ke nutsewa ciki. Kamfanin ya daina waɗannan biyun wajen 1982 don rage kuɗin aiki, saboda haka masu tara tsofaffin bindigogi suna neman na kafin lokacin. Haka nan daga 2001 suka fara sa wani makulli a gefen firam wanda masu saye da yawa ba sa so, tamu kuwa ba ta da shi. Kenan tsufan nata bai rage mata ba, ƙara mata ya yi. Wannan ko kaɗan mai tayin imel bai ambata ba, kuma ba na jin bai sani ba.

Daga nan ya shiga duba lafiyarta, nan ne na ga aiki. Ya ja hamar, wato ɗan ƙarfen baya da ke faɗawa ya tayar da harsashi, baya a hankali rami bayan rami har shida yana saurare, yana so ya ji silindar ta kulle kafin hamar ta kai ƙarshe, ya ce in ba ta kulle a kan lokaci to harsashi ba zai daidaita da bututu ba, wannan gyara ne mai cin kuɗi kuma haɗari ne ga mai harbi. Ya girgiza silindar gaba da baya ya ga ko tana wasa, ya zura wasu siraran ƙarafa na awo tsakanin silinda da bututu, ya haska tocila a cikin bututun yana neman tsatsa ko kumburi. Inda ya fi daɗewa shi ne bakin bututu ta ciki, wurin da harsashi ke fara shiga. Ya ce Model 19 an san ta da tsagewa a ƙasan wurin nan in an yi ta harba mata harsasan magnum marasa nauyi masu zafi, don ƙarfen wurin an ɗan shafe shi, kuma in ya tsage to rabin kuɗin ya tafi don samun bututun canji sai an sha wuya. Ya sa madubin ƙara girma ya duba, alhamdulillahi tamu lafiya lau. Kamar dai yadda dillalin shanu a kara ke buɗe bakin bijimi ya duba haƙori, bai damu da abin da mai shi ke faɗa ba.

Sai maganar jiki. Akwai littafin farashi da kusan kowane shago ke ajiyewa, Blue Book of Gun Values, shi da kaso yake auna yanayin bindiga, 100, 98, 95, 90, 80 har ƙasa, ma'ana kaso nawa na ainihin rinin kamfani ya rage a jikinta. Tamu ya sa ta a 90, saboda bakin bututu ya ɗan koɗe ta gefe inda kube ke gogarsa, ga kuma siririn layi da ya zagaye silinda wanda duk libarbar da aka yi amfani da ita tana da shi. Dattijuwar ta tambaye shi ko a kai a sake mata rini ta yi kyau kafin a sayar, ya ce a'a Madam kar ki soma. Sake rini yana kashe darajarta a wajen masu tarawa, suna ganewa don rubutun jikinta yakan dushe gefuna su yi sulɓi. Ko goge ta da abu mai kaushi kar a yi, ɗan mai da tsumma mai laushi ya isa. Ya duba kawunan sukurorin gefe ya ga ba a ci su da sukudireba ba, alamar ba wanda ya taɓa buɗe cikinta da ganganci. Ya cire mariƙin katakon a hankali ya tabbatar na kamfani ne ba na canji ba, ya ce shi kaɗai ma kuɗi ne in aka sayar da shi daban.

Kwali kuwa, wallahi ban san kwali na da daraja haka ba. Ya tambaya, ta ce tana jin akwai wani shuɗin kwali a gareji, da muka koma muka same shi da takardar bayani da 'yar sandar goge bututu a ciki, kuma lambar da ke jikin kwalin ta yi daidai da ta bindigar. Wannan kaɗai ya ɗaga ƙiyasin.

Abin da ya fi komai amfani a wajena shi ne bai ba mu farashi ɗaya ba. Ya ce bindiga farashi uku gare ta. Akwai na inshora, wato abin da za ka kashe ka samo irinta in ta ɓata, shi ne mafi tsada kuma ba wanda zai ba ka shi a hannu. Akwai abin da mai saye na ƙarshe zai biya. Sannan akwai abin da shago zai ba ka nan take, wanda dole ya yi ƙasa sosai don su ma riba suke nema kuma kayan na iya daɗewa a kanta. Ya ce littafin farashi jagora ne kawai don kasuwa na riga shi motsi, sai ya buɗe GunBroker, shafin gwanjon bindigogi na intanet, a kwamfuta ya nuna mana gwanjon da aka riga aka kammala. Ya ja mana kunne kar mu kalli kuɗin da mutane ke sawa suna jira, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, a kalli wanda aka saya aka biya. A takardar ya rubuta tsakanin dala 850 zuwa 950 a kasuwa tare da kwalin, in kuma su za su saya a ranar dala 600.

To ga inda ban ji daɗi ba. Shagon da ya yi maka ƙiyasi kuma shi ne ke son saye, ko ya mutum ya kai da gaskiya akwai son kai a tsarin. Dattijon kansa bai matsa mana ba, amma yaron da ke kanta ya dinga nanata ma dattijuwar wai ta karɓi 600 ta huta, kasuwa ba tabbas, har sai da na ce masa don Allah ya bar ta ta yi tunani. Mace mai jimamin miji ba a yi mata irin wannan. Na biyu, takardar ƙiyasin ta ɗauki lokaci fiye da yadda suka ce, sai da na yi ta kira. Na uku kuma la'adarsu in ka bar musu kaya su sayar maka kashi 20 ce, kuma ba su faɗa da baki ba sai a takardar yarjejeniya muka gani, ni ina ganin abu ne da ya kamata a faɗa tun farko.

Duk da haka hanyar la'adar muka bi. A Texas doka ta yarda mutum ya sayar wa ɗan jiharsa hannu da hannu ba tare da binciken komai ba, kuma da mun yi haka wataƙila kuɗin ya fi, amma ni ban yarda ba ita ma ba ta yarda ba. Ba ka san wa kake miƙa wa ba. Ta shago kuwa mai saye sai ya cike fom 4473, a tura sunansa binciken NICS na FBI da ke duba ko doka ta hana shi mallakar bindiga, kuma sai ya kai shekara 21 kafin su ba shi ƙaramar bindiga. In ma mai sayen a wata jiha yake, dokar tarayya ta 1968 ta ce dole ta bi ta hannun mai lasisi. Bindigar ta shiga littafin shagon, dattijuwar ta karɓi rasit da lambar siriyal a jiki, hankalinta ya kwanta cewa ta fita daga hannunta ta hanyar da ta dace. A wajena wannan kwanciyar hankalin ya cancanci kashi 20 ɗin, ko da na so a ce 15 ne.

An sayar da ita dala 900, bayan la'ada ta karɓi 720. In ka cire 50 na ƙiyasi saura 670, ka kwatanta da 400 na farko.

Wani abu da ya ambata wanda mu ba mu yi ba, ana iya neman wasiƙar tarihi daga ma'ajiyar bayanan Smith & Wesson ko ta Colt, su gaya maka ranar da bindigar ta bar kamfani da inda aka tura ta. Ya ce ga irin tamu ba lallai kuɗin wasiƙar ya dawo ba, amma in tsohuwar Colt Python ce ta kafin su dakatar da ita a 2005, ko wata da ake zaton ta wata rundunar 'yan sanda ce, to yana da kyau. Akasin haka kuma irin su Model 10 mai .38 Special da aka ƙera miliyoyi tun 1899, suna da kyau amma sun yi yawa a kasuwa, kar mutum ya sa rai da kuɗi mai yawa don kawai ta tsufa. In kuma ka ga an kankare lambar siriyal, wannan ba maganar farashi ba ce kuma, riƙe ta ma laifi ne a dokar tarayya, lauya ko 'yan sanda za ka nema ba shago ba.

In za ka je, ka kira su tukuna ka ce za ka shigo da bindiga, ka kai ta ba harsashi a cikin jaka ko akwati a rufe, kar ka zaro ta da kanka a gaban kanta, ka bar su su buɗe. Ka tafi da katin shaida, in ta gado ce ka riƙe takardar da ke nuna mai sayarwar na da hurumin sayarwa, mu dai sun tambaye mu. Tsofaffin harsasan da muka samu a durowar kuma ba su saya ba, sun ce ba sa sayen harsashin da ba su san yadda aka ajiye shi ba, amma sun karɓa kyauta don su zubar ta hanyar da ta dace, kar wani ya jefa su a bola.