Shekara guda da sandar eriya mai mita 10: abin da na gani

Kafin in sayi sandar nan, duk fitar da zan yi da rediyona, wanda nake magana da wasu masu rediyo na nesa da shi, sai na fara neman bishiya. In ɗaura wani abu mai nauyi a bakin igiya, in yi ta jifa har Allah ya sa ta sarƙe a reshen da nake so, sannan in ja wayar eriya sama. Wani lokaci rabin awa ke tafiya a haka, ga shi kuma wuraren da sigina ya fi kyau, wato fili fetal ko kan tudu, su ne ba su da bishiyar. Wannan ya sa na nemi sandar fayiba gilas mai gaɓoɓi, irin wadda ke shigewa cikin juna kamar sandar fatsa.

Tawa in an zare ta duka mita 10 ce. In an mayar da ita kuwa ba ta wuce santimita 70 ba, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi, tana shiga jakar goyo ba tare da ta dame ni ba. Kafa ta ba wuya: ka zaro gaɓa mafi siranta tukuna, ka ja ta har ta cije a bakin mai bi mata, ka ɗan murɗa, ka wuce ta gaba. Ba ƙusa ba noti, matsewar ce kawai ke riƙe da komai. Yanzu da hannuna ya saba, cikin minti goma eriya ta miƙe ina kira.

Tsawon mita 10 ba a banza masu ƙera ta suka zaɓe shi ba. Zangunan rediyo ana kiran su ne da tsawon igiyar siginarsu. A zangon mita 40, wato wajen megahaz 7, rubu'in wannan tsawon, wanda shi ne tsayin da eriya tsayayya ke bukata, kusan mita 10 ne, a zangon mita 20 kuma kusan mita 5. Saboda haka in ka manna siririyar waya daga ƙasa zuwa ƙololuwa, ka shimfiɗa wasu wayoyin a ƙasa kewaye da gindin, ka samu eriya tsayayya mai tura sigina ƙasa-ƙasa zuwa nesa. A nan ne sandar ta fi burge ni. Da wat 10 kacal na yi magana da tashoshi a wata nahiya a kan zangon mita 20, abin da ban taɓa samu ba lokacin da wayata ke rataye a reshe mai tsayin mita huɗu ko biyar.

Sai dai wanda zai saya ya san cewa mita goman nan ba duka ke ɗaukar kaya ba. Gaɓoɓi biyu na sama ba su kai kaurin fensir ba, waya kaɗai suke iya ɗauka. Ranar da na fara gwada eriya mai reshe biyu, wato wayoyi biyu da ke haɗuwa a tsakiya, na ɗaura tsakiyarta tare da kebul ɗin RG-58 mai haɗa ta da rediyo a can ƙoli, sai na ga sandar ta ranƙwafa kamar baka, bakinta na kallon ƙasa. Na sauke ta da sauri kafin ta karye. Tun daga nan a wajen mita 7 ko 8 nake ɗaurawa, inda jikinta ya ɗan yi kauri, na kuma koma amfani da kebul ɗin RG-174 wanda ya fi siranta da rashin nauyi, duk da cewa yana cin sigina fiye da wancan. Da yake rassan biyu na gangarowa ƙasa, su kansu suna taimakawa wajen riƙe sandar, igiya ɗaya kawai nake ƙarawa ta baya.

Babban aibinta shi ne zubewa. Wata safiya na kafa ta da sanyi-sanyi, rana ta ɗaga, iska na ɗan kaɗa ta. Ina tsakiyar karɓar rahoton sigina sai na ji ƙara, rururum, gaɓoɓi huɗu sun afka cikin na ƙasa a lokaci guda, ma'aunin SWR, mai nuna rashin dacewar eriya da rediyo, ya haura sama. Da na kwance murfin gindin, sai ga gefen gaɓa ɗaya ya ɗan tsage, tsawon farce. Canjin zafi da girgizar iska ne ke sassauta cizon a hankali, ruwan sama ma yana yi. Maganin da na samu shi ne naɗa salatif ɗin lantarki zagaye biyu a kan kowace mahaɗa, abin da ke ƙara mini minti biyar amma tun sannan ba ta sake zubewa ba. Masu barin tasu a tsaye kwana da kwanaki sukan sa zoben matsi mai roba a ciki. A ganina bai kamata a bar mai saye ya gano wannan da kansa ba, ya dace a haɗo masa da abin riƙon tun daga kamfani.

Yashi ma abokin gabarta ne. In ƙwaya biyu uku suka shiga tsakanin gaɓoɓi, ko su kankare fentin ko su maƙale ta ƙi komawa. Nakan buɗe gindin bayan kowace fita, in zare su ɗaya bayan ɗaya in goge da tsumma, in bar su su bushe.

Wani abokina ya ba ni shawarar ta kabon fayiba saboda ta fi sauƙin nauyi da tauri. Ban bi ba, domin kabon yana ɗaukar lantarki, kuma waya in ta kwanta a jikinsa tana iya sauya yadda eriyar ke aiki. Ga mai rataya tsakiyar eriya kawai ba laifi, amma ni tsayayya na fi yi. Ta alminiyam kuwa ita ce daidai ga mai son ɗora Yagi, wato eriya mai sandunan ƙarfe a jere, sai dai ba abar sawa a jaka a hau dutse ba ce.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: ko da fayiba gilas ba ya ɗaukar wuta, wayar da ke jikinsa tana ɗauka. Kafin in zare gaɓa ko ɗaya sai na ɗaga kai na duba wayoyin lantarki, in tabbatar ko sandar ta faɗi ta kowane gefe ba za ta kai gare su ba. In kuma na ji tsawa, ko daga nesa ne, sauke ta nake yi nan take.

In wannan ta ƙare zan sake saye, amma mai mita 12 mai kaurin jiki, ko da nauyinta ya ninka. Ina son in ɗaura eriyata mai reshe biyu a mita 10 na gaskiya, in bar siraran gaɓoɓin sama ba kaya.