Mai gyaran hoto a titin Ahmadu Bello ya fitar da mu kunya

Hoton Baba guda ɗaya ne da kakin sojan ruwa, wanda ya ɗauka a Indiya lokacin da aka tura shi kwas, yana tsaye a kan jirgin da ke nutsewa ƙarƙashin teku. Najeriya ba ta da irin wannan jirgi, shi ya sa yake ji da hoton. Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu sun cinye shi, gefe guda kuma gara ta taɓa.

Kafin sadakar arba'in na kai shi wani ƙaramin shago a titin Ahmadu Bello. Yaron ya saka shi a kwamfuta, ya dawo da farin kakin tas, har igiyoyin kafaɗa ana ƙirgawa. Abin da ya fi burge ni, bai goge tsagar fuskar Baba ba. Cewa ya yi, "Hajiya, wannan ai ita ce shi."

Firam ɗin ne bai yi mini ba, katakon ba shi da ƙwari, ku tafi da naku. Amma ya cika alkawarin rana, kuɗinsa kuma da sauƙi.

Mutumin da ke baro Apapa da ke Legas duk hutu don ya kai mu makarantar allo da kansa ya cancanci wannan aikin. Allah Ya jiƙan Baba.