Sabuwar sigar manhajar haɗa kiɗa ta burge ni, sannan ta lalata mini aiki

Abin da ya ja ni ga sabunta manhajar da nake haɗa kiɗa da ita shi ne sabon tsarin raba sauti, wanda ke zare muryar mawaƙi daga waƙar da aka riga aka gauraya, ya ware ganguna gefe guda, sauran kayan kiɗa gefe guda. A kan wannan masu manhajar ba su yi ƙarya ba. Na gwada shi da wani tsohon naɗi da asalinsa ya ɓace, muryar ta fito tas, in ban da ɗan ƙarar kuge da ya maƙale a bayanta, har na fara tallata sigar ga abokan sana'a.

Murnar ta koma ciki ranar da na buɗe aikin wani mawaƙi da muka kusa kammalawa. Fulogin ɗin da ke ba muryarsa amo, wato ƙaramar manhajar da ake maƙala wa babbar don sarrafa sauti, ya ƙi tashi, saitin da muka ɓata dare muna daidaitawa ya tafi, murya ta tsaya a bushe, shi kuwa yana zaune kusa da ni da abin sauraro a kunne yana jiran in kunna masa. Dalili shi ne sabuwar sigar ta daina karɓar fulogin da aka gina a kan tsohon tsarin da ake kira VST2. Ban ce wannan abin mamaki ba ne, domin tun 2008 aka fito da magajinsa VST3, a 2018 kuma aka daina ba da sabon lasisin VST2, kowa ya san ƙarshensa na tafe. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an binne sanarwar a can ƙasan dogon jerin canje-canje, maimakon a nuna ta ƙarara kafin mutum ya danna maɓallin sabuntawa. Mafi muni, manhajar ta adana aikin da kanta a sabon tsari, tsohuwar sigar kuma ta ƙi buɗe shi, wato garin neman ƙiba an samo rama.

Na so in yi musu uzuri, tun da kamfanin da ya tsaya cak masu saye za su gudu su bar shi. Amma da na tuna sau da dama sabuwar sigar tana sandarewa ana tsakiyar naɗar murya, abin da tsohuwar ba ta taɓa yi mini ba, sai uzurin ya gagare ni. Mawaƙi ba ya maimaita rerawar da ta fito masa daga zuci don kawai kwamfuta ta ga dama.

Yanzu duk naɗi da gaurayawa a tsohuwar sigar nake yi, sabuwar kuma ba na buɗe ta sai in zan raba sauti. Buƙatata ga kamfanin ita ce ya ci gaba da gyara kurakuran tsohuwar ba tare da ƙara mata komai ba, ya kuma ba mu damar adana aiki a tsarin da kowace siga za ta iya buɗewa.