Ajin lasisin Utah da na shiga: doka kam sun koyar, harbi babu

Masu ta tambayata a kan ajin nan na lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye na jihar Utah, to ga abun da na gani. Ni a Ohio nake zaune kuma aiki na yawan fitar da ni wasu jihohin, shi ya sa tallan nasu ya ja ni, wai lasisi ɗaya ka zaga rabin Amurka da bindigarka a ƙugu.

Ajin yini guda ne, a nan suke ɗaukar maka hoto da tambarin yatsu su taya ka cika fom ɗin da za a tura wa hukumar BCI ta Utah, wadda ke ba da lasisin, in ya fito shekara 5 yake yi. Wannan ɓangaren ba laifi, komai tsaf. Kuɗin aji daban kuɗin Utah daban, a sani. Amma abun da ba su faɗa a talla ba, in jiharka tana amincewa da lasisin Utah to sai ka fara mallakar na jiharka kafin su ba ka nasu, kuma mu Ohio tun 2022 ba dole sai da lasisi ba, so mutane da yawa a ajin ba su da shi, wani dattijo a gefena ya aje biro ya ce to shi yanzu me ya kawo shi.

Malamin dai ya san doka wallahi, nan ne kuɗina ya halatta. Ya manna taswira a bango ya ɗau jan maka ya dinga zagaye New York, New Jersey, California, Maryland, ya ce waɗannan ba ruwansu da lasisin kowa sai nasu. Ya kawo labarin Shaneen Allen, matar nan ta Pennsylvania da aka tsayar a New Jersey a 2013, da lasisinta na gida, ita da bakinta ta gaya wa ɗan sanda tana da bindiga, aka kama ta, sai 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Sannan Michigan da Colorado lasisin jihar da kake zaune kawai suke karɓa, kenan na Utah a hannun ɗan Ohio ba ya tsinana komai a can.

Inda ya fi daɗewa shi ne dokar tarayya ta 1986 ta wucewa da bindiga ta jihar da ba ta yarda da kai ba. Ya fito da akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya nuna mana, a cire harsashi, a kulle, a sa a but ɗin mota inda hannu ba zai kai ba, in motar ba ta da but to akwati mai kulle, banda aljihun gaban mota da na tsakanin kujeru, kuma dole inda ka taso da inda za ka duk ya zama kana da haƙƙin riƙe ta. Wucewa ce fa kawai, ba ka tsaya yawon ziyara ba. Ya kuma taɓo zancen dokar tarayya da ta hana riƙe bindiga cikin tazarar ƙafa 1,000 kusa da makaranta, wanda lasisin jihar da makarantar take ne kaɗai ke kare ka. Da na tambaye shi batun biza ya ce mai girin kad, wato takardar zaman dindindin a Amurka, ba matsala, mai bizar karatu ko ziyara kuwa dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai ƴan togaciya kamar lasisin farauta, ƴan uwa ku kula da wannan.

Abun da bai yi min ba, ko harsashi ɗaya ba a harba, Utah ba ta buƙata, to wanda bai taɓa riƙe bindiga ba haka zai fita bai iya ba. Sai kuma ƙarshen ajin da suka ɓata wajen tallan inshorar lauya, mutum ya gaji ana ta tura masa takarda ya sa hannu.

Ɗan Ohio mai lasisin gida, gaskiya kaɗan na Utah zai ƙara maka, ajin ne ya fi katin amfani. Taswirar da suka raba ma kar ka dogara da ita, yarjejeniyar jihohin nan canzawa take, kafin tafiya ka leƙa shafin babban lauyan jihar ko ƴan sandanta.