Wane satifiket ya dace da sabon ma'aikacin agajin kwamfuta?

Duk wanda ya samu aikin agajin kwamfuta a banki, asibiti, makaranta ko kamfanin sadarwa, makonninsa na farko kan ƙare ne a kan kalmar sirri da aka manta, firinta da ta ƙi bugawa, da kwamfutar da ta ƙi hawa intanet. Kafin ma ya gama sanin sunayen abokan aiki, an fara ce masa ya nemi satifiket. Shawarar tana kan hanya. Sai dai da dala ake biyan kuɗin waɗannan jarrabawa, albashin mai farawa kuwa ba ya jure asara. Don haka kafin ka fitar da ko kwabo, ya kamata ka san abin da kowanne zai ba ka.

Wanda ya fi kusa da aikinka shi ne CompTIA A+. Jarrabawa biyu ce, Core 1 da Core 2, kuma sai ka ci duka biyun ake ba ka takardar. Kowace tana da tambayoyi har 90 a cikin minti 90. Ana cin ta farko da maki 675 cikin 900, ta biyu da 700. Ta farko ta shafi kayan cikin kwamfuta, wayoyin hannu, firinta da tushen netwok. Ta biyu ta shafi Windows da sauran manhajojin sarrafa kwamfuta, tsaro, da ladubban aiki, har da yadda ake rubuta rahoton matsala da yadda ake magana da mutumin da ransa ya ɓaci. A farashin Amurka na 2024 kowace ta kai kusan dala 250, ka ga biyun ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma takardar shekara 3 take yi kafin a sabunta ta. A kula da lamba: a 2025 aka fito da 220-1201 da 220-1202, suka maye gurbin 220-1101 da 220-1102. Idan wani ya tallata maka tsohon littafi da araha, duba lambar da ke bangonsa tukuna.

Abin da ya sa nake fifita A+ ga sabon shiga shi ne ofishinka ya zama ajinka. Abin da ka karanta da daddare a kan dalilin da firinta ke fitar da takarda da zane-zane, da safe za ka tarar da shi a teburin wani. Wanda ke karatu a gida ba shi da aiki sai ya nemo tsohuwar kwamfuta ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa. Kai kuwa ana biyanka ne ka taɓa su. Kuma gajiyar da ake kwasowa a watannin farko ba wasa ba ce. Karatun da ya yi daidai da aikin rana shi kaɗai ke zama a ka bayan sallar isha'i.

Sai CCNA na kamfanin Cisco, wanda ya fi suna a wajen matasanmu, kuma ya cancanci sunan. Jarrabawa ɗaya ce mai lamba 200-301, minti 120, dala 300. A lissafin kuɗi ma ta fi A+ sauƙi. Amma zurfinta daban ne: saita rauta da suwic (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci a netwok), rarraba adireshin IP, da ka'idojin da saƙo ke bi daga netwok zuwa netwok. Da wuya a bar sabon ma'aikaci ya taɓa waɗannan na'urori, saboda haka duk atisayenka zai koma kan manhajar Packet Tracer mai kwaikwayon na'urorin netwok, wadda Cisco ke bayarwa kyauta, a lokacin da ya kamata ka huta. Idan ka riga ka yi digiri ko difloma a kwamfuta, kana iya kwance kwamfuta ido rufe, kuma netwok ne burinka, to tsallake A+ ka tafi CCNA kai tsaye. In ba haka ba, bar ta zuwa shekara ta biyu. Network+ na CompTIA yana tsakiyar waɗannan biyun, amma wanda ya ƙudurta yin CCNA ba lallai ya biya kuɗi sau biyu a kan fanni ɗaya ba.

Akwai kuma kwas ɗin Google IT Support da ke shafin karatu ta intanet na Coursera tun 2018. Kuɗin wata-wata ake biya, ana iya neman tallafi, kuma darussan suna da daɗin bi ga wanda bai san komai ba. Bambancinsa shi ne babu jarrabawar da ake tsare ka a kanta, shi ya sa nauyinsa a idon mai ɗaukar aiki bai kai na A+ ba. Amfaninsa ya fi yawa ga mai neman aiki. Kai ka riga ka samu. AZ-900 na Microsoft kuwa ɗan ƙarami ne mai araha, wa'adin takardarsa ba ya ƙarewa, ya dace idan ofishinku na amfani da Azure, tsarin Microsoft na ajiye bayanai da gudanar da manhajoji ta intanet. ITIL Foundation, mai tambayoyi 40 a cikin awa ɗaya, tsarin gudanar da aiki yake koyarwa; wannan ka jira kamfani ya biya maka. Tun farko ma ka tambayi shugabanka ko suna mayar wa ma'aikaci kuɗin jarrabawa idan ya ci. Tambayar ba abin kunya ba ce, kuma amsarta na iya sauya zaɓinka gaba ɗaya.

Wajen kayan karatu, kada ka yi saurin biyan makarantar da ta yi maka alkawarin cin jarrabawa cikin mako biyu. Professor Messer yana da cikakken darasin A+ kyauta a YouTube, Jeremy's IT Lab yana da na CCNA. Sauke jerin batutuwan jarrabawa daga shafin CompTIA ko Cisco, ka riƙa sa alama a kan abin da ka iya. Inda kuɗi ke da amfani shi ne gwajin jarrabawa na halal. Tambayoyin sata da ake yawo da su a Telegram da WhatsApp kuwa ka guje su: in an kama ka za a iya soke takardar, in ba a kama ka ba ranar da sabar ofis ta tsaya kowa zai gane.

Kada ka sayi bauca, wato tikitin zama jarrabawa, da wuri don wai ta tilasta maka karatu. Tana da wa'adi, galibi shekara ɗaya, kuma in ka faɗi sai ka sake biya, sai fa idan ka sayi wadda ta haɗa da damar maimaitawa. Ka jira har ka ga kana cin gwaji a jere.

A+ da CCNA ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake rubuta su, ko a cibiya ko a gida ta intanet. Ta gida tana bukatar kyamara, ɗaki shiru da babu mai shigowa, da intanet da ba ya yankewa. A gidan da yara ke kai-komo, ga ɗaukewar wuta, ga sabis mai hawa da sauka, ni dai cibiya zan zaɓa ko da sai na yi tafiya zuwa Abuja. Ka kuma tabbatar sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai da na katin shaidarka harafi da harafi, domin Muhammad a rajista da Mohammed a fasfo na iya sa a mayar da kai daga bakin ƙofa, kuɗinka kuma ya tafi.