Tanar roba da na sayo a Adum

Shekara tara ke nan ina koyar da kimiyya a wata makarantar JHS, wato ƙaramar sakandare, a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma duk sanda muka zo kan tana sai wani yaro ya ɗaga hannu: "Malama, tunda ba ta da ƙashi, me ke riƙe jikinta?" Tambayar nan ce ta sa na hau mota ranar Asabar zuwa wani shagon kayan makaranta a Adum, na sayo tanar roba mai tsawon kamu biyu, wadda ake ɗage bayanta a ga ciki.

Fentin ya yi kyau, mai shagon ma ya bar ni na jujjuya ta son raina kafin in biya. Abin da ya ja ni shi ne sun sa siraran bangayen da ke raba gaɓa da gaɓa, kowace da ɗan ɗakinta, sun kuma bambanta tsoka biyun da launi: wadda ta zagaye jiki da wadda ta miƙe daga kai zuwa wutsiya.

Sai dai robar tauri gare ta kamar bokiti, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Ruwa ne ke riƙe tana. Kowane ɗaki cike yake da shi, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai dai ya sauya siffa. Tsokar zagaye ta matse, gaɓar ta yi tsawo ta sirance. Ta tsaye ta ja, gaɓar ta gajarce ta kumbura. Saboda bangayen nan, kai na iya miƙewa alhali tsakiya na kumbure. Yaron da ya taɓa busasshiyar roba ta yaya zai gane haka?

Dole na cika doguwar balan-balan da ruwa, yara suka riƙa matsawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan gashin nan masu tauri da tana ke dafe ƙasa da su ma ba a sa su a tanar robar ba sam. Bayan ruwan daren Talata muka tono mai rai a gindin ayaba, muka ɗora ta kan takarda, aji ya yi tsit har muka ji ƙar-ƙar ɗinsu, sannan muka mayar da ita cikin danshi tun fatarta ba ta bushe ba, don da ita take numfashi.

Malamin da ke son nuna sassan ciki, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Ni dai na roƙi mai shagon ya nemo mana mai taushi, ya ce in leƙo bayan Sallah.